Magaryar da Baba Sule Ya Hana Tsinka

Baba Sule ba ya gaida mutum da safe sai ya gama gaida magarya. Duk wanda ya zauna da mu a gidan nan na unguwar Bin Omran a Doha ya san haka, kuma na tabbata yanzu da na faɗa kuna ganinsa a idonku: ya dawo daga masallaci cikin jallabiyarsa da ta ƙi kaiwa idon sahu, ya wuce mu a bakin ƙofa kamar bai taɓa ganinmu ba, ya zagaya bayan gida, ya tsaya gaban bishiyar ya goya hannu a baya. Sai ka ji yana tambayarta kwana, da gajiya, da yadda ta ji da zafi. In ya gama da ita ya koma kan tururuwa, daga nan kurciyoyi, daga nan wata mage mai ido ɗaya da ke kwana a gindin katanga. Mu 'yan Adam mu ne na ƙarshe a layi. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce ai girma ake bi, kuma tururuwa ta riga ni zuwa Katar.

Saboda waɗanda suka zo gidan daga baya, bari in faɗi ko wane ne shi. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bauchi, gadi yake yi a wani dogon bene na ofisoshi. Shekarunsa na fasfo daban, na gwiwoyinsa daban. Ni kuwa Nasiru direba, ɗakinmu ɗaya, gadona ne a saman nasa, don haka duk karatun da ya yi a duniya ni na fara shansa.

Asalin ciwon, tun yana saurayi ya yi wa wata Ba'amurkiya tuƙi, malamar jami'a ce da ta zo nazarin itatuwa a wani gandun daji. Hanya ba kyau, mota ba rediyo, sai Madam ta mayar da direbanta ɗalibi, tana ba shi labarin yadda mutanen ƙasarsu suka daɗe suna gardama a kan daji. Da wani direban ne, abin da ya ji a hanya zai bar shi. Baba Sule haddacewa ya yi. Sunayen malaman ne kawai suka gagari harshensa, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Bukka, wanda ya bar gari ya kafa 'yar bukka a bakin tafki don ya ga iya abin da mutum yake buƙata a rayuwa. Akwai Mai Gemu, mai yawon duwatsu, wanda ya ce daji wurin girmamawa ne, a shiga da ladabi, kada a taɓa komai. Akwai Mai Katako, wanda ya ce a'a, daji rumbu ne, a ɗiba amma da hankali don jikoki su samu. Da wani kuma da ya ce ƙasa da ciyawa da ƙwari duk unguwa ɗaya ce, mutum a cikinta ɗan unguwa ne ba mai unguwa ba, kuma daga nan gaisuwar tururuwa ta samo asali. Yadda Baba yake ba da labarinsu sai ka rantse maƙwabtansa ne, ka ji yana cewa Mai Gemu da Mai Katako a da can abokai ne, kiwon tumaki da wata madatsar ruwa suka raba su, yana girgiza kai kamar an kira shi sulhu bai samu zuwa ba. Shi dai ɗan gani-kashe-nin Mai Gemu ne.

Kafin korona duk wannan surutu ne kawai, muna ji muna kurɓar shayi. Bayan gidan akwai wani ɗan lungu tsakanin bangonmu da katangar maƙwabta, faɗinsa bai fi ɗakin kwana ba. Nan esin da ke sanyaya ɗakinmu yake ɗigar da ruwa, nan magaryar take, ba ta fi tsawon mutum da rabi ba, kuma nan ne majalisarmu. Nan muke shan karak, shayin madarar nan, nan Mumuni yake wanke tukwane ya watsa ruwan. Da aka yi kulle aka hana taruwa, kowa ya maƙale a ɗaki da takunkuminsa, lungun ya samu hutu. Ranar da muka leƙa bayan makonni sai muka ga kore shar: ciyawa ta kai ƙauri, ga tumatir ya tsiro, ga wani abu mai yaɗo yana bin bango. Baba Sule ya tsaya yana kallo har idonsa ya kawo ruwa. Washegari ya dawo daga aiki da igiyar ledar nan mai ja da fari da ake tare hanya da ita, ya kewaye wurin, ya sanar da mu cewa daga yau nan gandun daji ne.

Mumuni ne ya fara magana. Shi mutumin Zangon Kumasi ne, kuku a wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Bin Mahmud, mai tumbi da fara'a da Hausar da ba ruwanta da mace ko namiji. Ya tambayi inda za mu riƙa zama in an buɗe gari. Baba ya gyara tsayuwa ya yi mana bayani cewa a Amurka ma da za a kafa manyan gandaye, an tarar da mutanen da suke zaune a wurin tun kaka da kakanni, aka tashe su, sannan aka riƙa cewa wurin ba a taɓa zama a cikinsa ba. Mumuni ya ce to wannan daidai ne?

Baba ya ce, "Zalunci ne babba. Madam ma in ta zo nan a labarin sai ta yi shiru. Ɗauke kujerarka."

Haka aka tashe mu, muka koma shan shayi a matattakalar bene. Ni ban damu sosai ba, amma Mumuni yana da buƙata ta musamman a lungun. Allah ya jarrabe shi da amosanin kai irin wanda in ya sa baƙar riga sai ka ce daga wajen niƙa yake. Ya gwada sabulan kanti har ya gaji. Kakarsa kuwa ta taɓa gaya masa ba abin da ke kashe shi kamar ɗanyen ganyen magarya, a daka a wanke kai da kumfar. Ga magarya a bayan gida, da can bai tuna ba, sai da aka kewaye ta. Ya nemi cikin tafi ɗaya kawai, da ɗan gefe da zai shuka ayoyo, wato lalo, tunda ga danshi yana tafiya a banza. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce ashe Mai Katako ya biyo shi har Katar.

"Ko ganye ɗaya ba za a tsinka ba, Ɗan Gwanja. Sai dai bayan raina."

Mumuni ya ce shi ba ɓarawo ba ne, da ya so da ya tsinka Baba yana wurin aiki, amma ba zai yi ba. Zai jira har ranar da Baba zai buɗe baki da kansa ya ce, Mumuni tsinka. Muka yi dariya muka watse, ba mu san an ɗaura yaƙin da zai ci shekaru ba.

Da farko Mumuni ya bi ta hanyar fiƙihu. Ya ce ganyen da ya faɗo da kansa fa? Baba ya ce wannan gadon tururuwa ne. Ya ce wanda iska ta fitar wajen igiya fa? Baba ya ce wannan dai halal ne, tunda ya bar gandu. Ai kuwa da rana tsaka muka ga Mumuni ya kafa fanka a taga ya saita ta kan bishiyar, ya zauna daga ɗaya gefen da kwano a cinya. Ganyen magarya ba ya sakin reshe da sauƙi, sai 'yan busassu ne suka tashi, su ma Baba ya bi ya tsince ya mayar, ya ce iskar da aka saya da lantarki ba iska ba ce. Ku riƙe wannan fatawa, za ta dawo ta same shi.

A tsakiyar zafin shekarar ne Baba ya yanke shawarar barin duniya. Ya ce zaman kulle ya nuna masa mutum ba ya buƙatar komai, zai bi sahun Mai Bukka. Ya samo kwalin firiji a bayan wani kanti, ya yanka masa ƙofa, ya kafa shi dab da igiya daga waje, yana fuskantar tafki. Tafkin nan, don kada wani ya yi zaton wani abu, ruwan esi ne da ya taru a wani ɗan rami, faɗinsa kamar faranti. Ranar Juma'a ce, ranar hutunsa. Bayan karin kumallo ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ya yafe mana, ya ɗauki buta da tabarma da 'yan dabino ya shige kwali. Wanda ya san Doha a watan Yuni ya san abin da kwali yake zama kafin hantsi ya ɗaga. Muna ɗaki muna leƙe ta taga, da farko muna jin tasbihi, daga baya muka riƙa jin fifita, daga baya shiru.

Mumuni, mugu, sai ya ɗora tuwo da miyar ayoyo da ya sayo a kantin Larabawa, ya buɗe tagar kicin. Ba a kai azahar ba muka ga ƙofa ta buɗe, ga Baba sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Ya zauna daidai saitin esi, ya jawo kwano. Sai da ya tashi da malmala biyu sannan ya sanar da mu cewa ba wai ya karaya ba ne, Madam ta gaya masa bukkar Mai Bukka ma ba ta da nisa da gari, kuma yakan leƙa gidan uwarsa ya ci abinci.

Ya miƙa kwano ya ce, "Yau kai ne uwata, Ɗan Gwanja. Ƙaro miya."

Mumuni ya ga dama ta samu, ya ce to tunda shi ne uwa, yana umartar ɗansa ya ba shi ganye. Baba ya suɗe yatsa ya ce babu biyayya ga iyaye a cikin saɓo.

Nawa rabon wahalar ya zo ne da sanyi. Da watan Janairu ya kama muka kashe esi kamar kowa, kowa ya jawo bargo. Cikin 'yan kwanaki tafki ya ƙafe, ciyawa ta fara ja, tumatir ya langaɓe. Nan Mumuni ya samu hujjar da ya fi ji da ita. Ya tara mu a matattakala ya ce a duba masa wannan daji da ake cewa hannun mutum bai taɓa ba: ruwansa daga na'ura, tumatirinsa daga wankin tukunyarsa shi Mumuni, magaryar ma wa ya sani ko wani Bahaushe ne ya ci ya tofar da ƙwallon. Ya ce daji ɗin nan mu muka haife shi, kuma uba yana da haƙƙi a kan ɗansa. Gaskiya maganar ta shigi Baba, har na fara jin tausayinsa. Na ce masa abu mai sauƙi ne, ya ɗauki buta ya riƙa ba su ruwa. Ya ce in ya ba da ruwa da hannu ya zama lambu, shi kuma ba ɗan lambu ba ne. Amma ruwan da ya ɗiga da kansa, ba wanda ya nufe shi da shayarwa, wannan hukuncinsa hukuncin ruwan sama ne. Mumuni ya tuna masa da fatawar fanka. Baba ya ce iska daban, ruwa daban, ya tashi ya kunna esi.

Ni ne a gadon sama, esi kuma saitin ƙirjina yake. Abin haushin, da sanyi ɗigon ma ba na kirki ba ne, sai na'ura ta yi ta gurnani kafin ta zubo abin da bai cika cokali ba. Ba a jima ba na fara atishawa, daga nan tari. Kun dai tuna lokacin, mutum ya yi tari sau ɗaya sai ya ga wurin ya zama fili. 'Yan ɗaki suka kwashe katifunsu, wurin aiki suka ce kada in kuskura in zo, aka kai ni aka zura min tsinke a hanci har sai da na ji shi a ƙeya, aka killace ni a ɗan ɗakin ajiyar kaya ana turo min abinci da sandar mofa. Da sakamako ya fito aka ce ba korona ba ce, mura ce ta esi. Baba ya zo taga duba ni, na zaci haƙuri zai ba ni, sai ya ce in yi murna, ba gandun da ya taɓa tsayuwa ba tare da wani ya sadaukar ba. Na ce to me ya sa ba shi ya sadaukar ba? Ya juya ya tafi. Da na koma ɗaki sai na tarar ya sauko da kayana gadon ƙasa, shi ya koma sama da gwiwoyin nan nasa. Haka ya ƙare sanyin shekarar yana kwana da hular sanyi da safa da kwat ɗin aiki, esi na kaɗa shi, bai kashe ba kuma bai yi tari ko sau ɗaya ba, don taurin kai.

Sai ga shekarar gasar cin kofin duniya. Gari ya ɗau fenti da tutoci, ko'ina gini, kuma ana ta raɗe-raɗin za a tashi gwauraye daga unguwannin tsakiyar gari. Kowa a gidan tafiya yake a hankali kada ya jawo ido. Ana cikin haka wakilin mai gida ya zo ya ce za a share lungun baya a shimfiɗa siminti, a samu wurin ajiye mota. Mu murna muka yi da abin ya tsaya a kan lungu. Baba kuwa ya daina cin abinci, ya shiga shirya jawabi da Larabcinsa, wanda gaba ɗaya bai wuce yalla da khalas da mafi mushkila ba, wato mu je, an gama, ba matsala.

Ranar da za a yi aikin mai gidan da kansa ya zo, wani dattijon Balarabe mai sanda da muke kira Hajji, ga leburori a bayansa da zarto da shebur. Suka tarar da Baba cikin kakin aiki an goge shi tsaf, ya tsaya a bakin igiya. Bai jira an tambaye shi ba ya fara. Hausa ta shiga, Turanci ya shiga, Larabci yana leƙowa, ya kawo Mai Gemu, ya kawo madatsar ruwan da ta cinye wani kwari mai kyau, yana nuna tururuwa a matsayin shaidu. Na tabbata Hajji bai tsinci ko kalma ɗaya ba, don ba ma shi yake kallo ba. Bishiyar yake kallo. Can ya nuna ta da sanda ya ce, "Sidra," wato sunan magarya a bakinsu, ya juya ya gaya wa wakili cewa a gidan ubansa ba a sare wannan itace, a yi simintin a kewaye ta. Karatun Amurka na shekara da shekaru, ashe kalma ɗaya ta Hajji ta ishe shi.

Muna cikin hamdala, Hajji don jin daɗi ya miƙa hannu ta saman igiya zai tsinki ganye ya sansana. Baba Sule ya cafke masa wuyan hannu.

"Mamnu'," in ji shi. An hana. Ashe ya san kalma ta huɗu, ya ɓoye ta don irin wannan rana.

A raina har na gama ɗaure kaya, ina tunanin wane sansanin bayan gari za a watsa mu. Wakili ya daskare, leburori suka sunkuyar da kai, Mumuni yana salati ƙasa-ƙasa. Hajji ya dubi hannunsa, ya dubi Baba, ya tambayi wakili wane ne wannan. Da aka yi masa bayani sai ya fashe da dariya har da tari, ya ce shekara nawa yana biyan masu gadi bai taɓa samun wanda ya hana shi kayansa ba, ga shi ya samu kyauta. Ya sa aka ƙara wa bututun esi tsawo har gindin bishiyar, ya shiga mota ya tafi yana share ido. Ciyawa da tumatir dai siminti ya cinye su, magarya kaɗai ta rage da ɗan da'irar ƙasa a gindinta. Baba ya yi zaman makokin ciyawar, yana cewa haka aka yi wa Mai Gemu, amma ya mayar da igiyarsa ya kewaye abin da ya saura.

A cikin gasar aka tura shi nuna wa baƙi hanya a bakin tashar jirgin ƙasa, kuma nan Allah ya haɗa shi da Ba'amurke na farko tun bayan Madam, wani ƙato da hula mai tutar ƙasarsu. Baba ya riƙe shi yana tambayarsa labarin Mai Gemu da Mai Katako. Bawan Allah ya ce shi tayar mota yake sayarwa, bai san kowa a cikinsu ba. Maimakon Baba ya sake shi, sai ya tsayar da shi ya karantar da shi tarihin ƙasarsu tun daga bukka har madatsa, mutumin yana duba agogo yana murmushin dole. Baba ya dawo gida ransa a ɓace, ya ce ashe malaman nan a garinsu ma ba a san darajarsu ba. Mumuni ya ce to tunda masu abin sun manta, a ba shi ganye. Baba ya ce ai yanzu ne ma amanar ta dawo wuyansa shi kaɗai.

Ba a daɗe da sauke tutoci ba Baba ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Hawan jini ne da ya daɗe yana ɓoyewa, don ya ce mutumin da ke gaida bishiya kullum ba ruwansa da asibiti. Ni da Mumuni muka je duba shi da la'asar. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, sai an matso ake jin maganarsa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an gaida magarya. Na yi ƙarya na ce an gaishe ta. Ya ce min tururuwa fa, na ce su ma. Sannan ya yafito Mumuni da yatsa.

"Ɗan Gwanja, na kwanta na yi tunani. Mai Katako ma bai yi ƙarya ba."

Mumuni ya fara dariya, ya zaci tsokana ce, ya ce a rubuta a ajiye.

Baba ya ce, "In lokaci ya yi, kada ku bari a wanke ni da garin magarya na leda. Ga tamu a gida. Mumuni, tsinka."

Nan take Mumuni ya daina dariya. Ya ce ba ya so, ya fasa, amosanin ma ya saba da shi, Baba ya tashi su koma gida su ci gaba da faɗa. Baba bai kula shi ba, ya ci gaba da ba da umarni kamar yana miƙa aiki ga mai karɓarsa: daga reshen da ke gogar katanga, cikin tafi ɗaya, kada a karya reshe, kada a mayar masa da gandu kasuwa. Ya ɗan huta sannan ya ƙara da cewa Mumuni ya rage kaɗan ya wanke wannan kan nasa, don an gaji da cin gari a miya.

Bai ƙara kwanaki da yawa ba. Iyalinsa suka yarda a binne shi a nan, aka yi ta zirga-zirgar takardu har aka sa ranar wanka. Da safen na tayar da mota ina jiran Mumuni, shiru bai fito ba, na zagaya baya na same shi tsaye a bakin igiya ya goya hannu. Yana gaida bishiyar, da Hausarsa ta Zango, yana tambayarta ya ya kwana. Ya ɗaga hannu ya sauke, ya sake ɗagawa ya sauke. Na ce masa yalla, ana jiranmu.

Ya kira ni da irin kiransu na Kumasi, ya ce, "Massa, duk shekarun nan ina jira ya ce in tsinka. Ban san abin da nake jira ke nan ba."

Ni ma a lokacin ba na gani sosai. Daga ƙarshe ya yi bismilla ya tsallaka igiya, ya nemi reshen da ke gogar katanga, ya tsinka ɗaya bayan ɗaya, ƙaya tana yagar masa yatsu bai ko janye hannu ba. Ya daka a ɗan turmin kicin ɗinsa muka tafi da shi. Masu wankan suka bari muka shiga muka taya su, aka zuba a ruwa ya yi kumfa, ɗakin ya ɗauki ƙanshin ɗanyen ganye irin na gida. Na lura Mumuni ya juye duka har da ɗauraye turmin, bai rage wa kansa komai ba.

Ku da kuka bar gidan, in kun samu dama ku leƙa. Magarya tana nan ta wuce katanga, igiya tana nan, an ma sake sabuwa. Mai gadin ne ya canja. Yanzu Mumuni ne ba ya gaida mutum sai ya zagaya baya, kuma kwanan baya na ji shi yana korar wani sabon zuwa da ya nemi ganye, yana ba shi labarin Mai Gemu, ya haɗa shi da Mai Bukka ya mayar da su mutum ɗaya. Amosanin kuwa sai abin da ya ƙaru. Ni ma da nake wannan surutu, esi ba ya mutuwa a ɗakinmu ko da sanyi, kuma na koma gadon sama da kaina.

Allah ya jiƙan Baba Sule, ya yafe masa kurakuransa, har da murar da ya sa min. Allah ya sanyaya masa makwanci, shi da ya kwana cikin sanyi don bishiya ta sha ruwa. Ya sa shi a gidan da aka ce magaryarsa ba ta da ƙaya, ya zaunar da shi a inuwarta. In ya ga dama ya kewaye ta da igiya, mun yarda, in Allah ya kai mu za mu tsaya daga waje mu jira ya gama gaisuwa ya zo kanmu. Amin.